Shaidu Biyu Daga Jinin Ubana

Litinin, da hantsi, makon da aka gama yankan sha'ir

Drew, sabon wakilin ubangidan gandu, ya shigo ɗakin saƙata ba ko sallama. Ya tsaya yana shafa ƙyallen ulun da ke kan masaƙa kamar ya riga ya saya. Ya ce, "Hamon, waye kakanka?"

Na ce ubana Osbert ne, duk Stanmere an san shi, yana kwance bayan coci.

"Ba shi na tambaya ba. Uban ubanka."

Na ce makiyayi ne daga arewa, ɗa ne, bai taɓa zama bawan kowa ba. Drew ya yi murmushi. Ya ce tunda tsohon ubangida ya rasu, magajinsa ya sa a bi masa sawun duk mutanensa da suka watse bayan annoba. An gaya masa Osbert bawan gandu ne daga Fenstow, gudu ya yi ya zo nan ya shige gidan da masu shi suka mutu. Za a zauna shari'a da kaka, bayan bikin Mala'ika Mika'ilu.

Na bari ya fita kafin na zage shi. Wannan rashin zuciya ya fi maganarsa ci mini rai.

Litinin, da yamma

Na gaya wa matata Avice. Ta ɗora hannu a cikinta. Ita ɗiya ce gaba da baya, amma yaro ubansa yake bi. In aka ce ni bawa ne, masaƙa da gida da tukunya duk na ubangida ne, haka ma wanda ke cikin nan. Bayan ɓarin da ta sha, wannan ne na farko da ya zauna har ya kusa.

Inna tana bakin murhu tana tsefe ulu. Ta ce ƙarya Drew yake yi, ta kuma kama labarinta da muka haddace: yadda Baba ya aure ta a ƙofar cocin Fenstow a shekarar da annoba ta dawo, ana ruwa, limamin yana tari, babu mai kiɗa sai wani gurgu da sarewa, ita kuma da aron takalman yayarta da suka yi mata yawa. Kullum a wurin takalman take dariya, yau ma ta yi.

Na ce, "Inna, kakana fa? Kin gan shi?"

Ta ce, "Ni ubanka na aura, ban auri kakanka ba."

Laraba, bayan ƙararrawar safe

Na je wurin Fada Lambert, limamin cocinmu. Shi ya koya mini rubutu, ya kuma san shari'a fiye da yadda yake nunawa. Ya ce bakin Drew kaɗai ba ya mai da mutum bawa. Sai ya kawo maza biyu daga jinin ubana, su tsaya da ƙafafunsu su ce su bayi ne, ni kuma jininsu ne. Mace ba a karɓar bakinta a wannan.

Na yi dariya har Fada ya harare ni. Annoba ta share dangin Baba tas, mutum ɗaya ya rage, Baffa Wat na Fenstow. Drew ya je ya tono na biyun a kabari.

Fada ya ce, "To ka koma gida ka zauna kan masaƙarka, ɗana. Kada ka motsa."

Avice ma haka ta ce. Amma a mashaya jiya Giles maƙeri ya ɗaga mini kofi ya ce, "Sannu da hutawa, kayan ubangida." Kowa ya yi dariya. Ba zan zauna ana yi mini haka ba. Zan nemo asalin makiyayin nan in watsa musu a fuska.

Alhamis, tsakar rana

Ruwa. Zaren ya yi ta tsinkewa.

Asabar, da yamma

Na dawo daga Fenstow, laka har gwiwa.

Na sami Baffa Wat yana gyaran shingen ubangida, bayansa ya lanƙwashe kamar lauje. Ban gan shi ba tun jana'izar Baba. Ya dubi rigata sama da ƙasa.

"A'a, manyan gari! Yau an tuna da mu? Zauna mana, ko ƙasar za ta ɓata maka riga?"

Na ce, "Baffa, labarin kakana na zo ji. Makiyayin da ya zo daga arewa."

Ya yi dariya har ya shaƙe. "Daga arewa kam ya zo. Arewacin rafin can, ka gan shi? Tumaki ma ya yi kiwo, na ubangida. Ubanka ya iya shara ƙarya, Allah ya jiƙan sa. Ya gudu ya bar ni da noman mutum biyu, ya je can yana ƙera muku kakanni."

Na ce baƙin ciki ne ke cin sa. Ya ce e, yana cin sa, kuma ranar shari'a zai sa rigarsa ta Lahadi ya zo ya faɗi gaskiya.

Ban yarda da shi ba. Mutumin da ya ƙi ka zai iya ƙin ubansa don ya same ka. A hanyar fita na tsaya shan giya wurin wata tsohuwa, ta ƙura mini ido ta ce fuskata sak ta wani mai ƙona gawayi a dajin Thurl, Piers sunansa. Ta ce tana jin ɗan ƙanen kakana ne, ya daɗe da barin gari, an ma manta da shi.

Ban gaya wa Avice ba.

Lahadi, bayan ibada

A coci mata sun matsa wa Inna wuri kamar kullum. Tana son wannan girmamawa, ba ta ɓoyewa. Drew na tsaye a baya, bai duƙa ba ko da aka ɗaga gurasa mai tsarki.

Talata, da la'asar

Na same shi! Na shiga dajin Thurl na bi hayaƙi, sai ga mutum ya fito daga bukka, baƙi ƙirin da gawayi, amma kunnuwan Baba ne, tafiyar Baba ce.

Da fari ya ƙi magana, ya ce shi ba shi da kowa. Da na ce ni ɗan Osbert ne, ya zauna a kan gungume ya yi kuka. Tare suka taso. Na ja shi mashayar bakin daji, na sa aka kawo gurasa da cuku da giya, na miƙe a gaban kowa na ce, "Ku duba, ga ɗan'uwan ubana, jinina!" Aka yi ta tafi.

Da na tambaye shi makiyayin arewa, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ci gurasarka, ɗana." Na sake tambaya, ya ce Osbert mutumin kirki ne. Tsufa ne, ina jin. Zan koma in ya saba da ni.

Na daɗe ban yi farin ciki irin na yau ba.

Juma'a, da hantsi

Drew ya tare ni a bakin rijiya, gaban mata.

"Hamon, na zo godiya. Na yi ta neman na biyu har na fid da rai. Ashe kai za ka kai ni."

An kama Piers jiya. Yana ɗaure a rumbun gandu tare da shanu. Shekara da shekaru yana ɓoye a dajin nan ba wanda ya tuna da shi, sai da na je na saya masa giya.

Juma'a, da yamma

Avice ta jefe ni da ludayi. Bai same ni ba, na so ya same ni.

"An ce maka ka zauna! Fada ya ce, ni na ce. Amma ina, sai ka nemo kaka mai tumaki saboda Giles ya yi maka dariya. To ga kakan nan ka samo. Ka gaya wa wannan," ta nuna cikinta, "ka gaya masa da bakinka."

Inna ta ce mata ta yi a hankali saboda cikin.

Asabar

Ban taɓa masaƙa ba. Ta wa ce ma?

Litinin, tsakar rana

Na kai wa Piers gurasa. Ya karɓa, ya ce, "Ba komai, ɗana." Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Laraba, bayan ƙararrawar safe

Fada Lambert ya kira ni ɗakin ajiyar kayan coci, ya rufe ƙofa. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya gyara kyandir, ya sake gyarawa. Can ya ce akwai ƙofa ɗaya da ta rage. A shari'ar sarki, wanda aka haifa ba aure ba shi da uba. Wanda ba shi da uba kuwa ba ya gadon komai, ko gona ko bauta. Shege ɗa ne, ba mai iya cewa nasa ne.

Na ce, "Fada, ni da aure aka haife ni."

Ya ce, "Na sani, haka innarka Emmot take faɗa. Sai dai limamin da ya ɗaura ya mutu, shaidun sun mutu, ba wanda ya rage sai ita. Wakilin bishop zai zo Elmbridge mako mai zuwa. In mace ta ɗora hannu a kan Linjila ta ce ba a taɓa ɗaura mata aure ba, za a karɓa, kuma kotun gandu ba ta isa ta ja da bishop ba." Ya dube ni. "In gaskiya ne nake nufi. Rantsuwar ƙarya a kan Linjila wuta ce, Hamon. Ni ban ce ka yi komai ba."

To don me ya gaya mini?

A maganar jini bakin mace banza ne, amma in za ta zubar da mutuncin kanta kowa zai saurara.

Alhamis, da yamma

Na gaya wa Avice a bayan gida, wurin aladu. Na yi ƙasa da murya. Inna tana cikin lambu tana cirar albasa, ban san tana kusa haka ba. Ina jin ban sani ba.

Ban roƙe ta ba.

Juma'a

Inna ba ta ci abinci ba. Ta ce haƙori ne.

Asabar, da hantsi

An busa ƙahon gandu, an karanta sunayen waɗanda za su gurfana. Nawa na ciki. Drew ya aiko mutum ya dubi masaƙata da tukwane, wai kada wani abu ya yi ƙafa kafin ranar. Ya ɗaga murfin akwatin da Avice ta tara tsumman jariri, ya leƙa, ya mayar.

Inna tana kallo daga bakin murhu.

Ban roƙe ta ba. Ko kallonta ban yi ba.

Lahadi, da la'asar

Bayan ibada ta daɗe a kabarin Baba. Na hango ta daga bakin hanya, bakinta na motsi, tana nuna shi da yatsa kamar yadda take yi in ya dawo a buge. Da ta dawo ta ce, "Hamon, ka aro mini jakin Giles ran Talata. Ƙafata ba za ta kai Elmbridge ba."

Na ce, "Inna, me za ki yi a Elmbridge?"

"Kada ka mai da ni yarinya. Aro jaki."

Na ce ban roƙe ta ba. Ta ce ta sani, ai ba ta ce na roƙe ta ba.

Na aro jakin.

Talata, da yamma

An yi.

Wakilin bishop saurayi ne mai mura. Ya miƙo littafin, ta ɗora hannu. Ta ce Osbert ya ɗauko ta daga Fenstow a shekarar annoba, ba limami ba shaida, suka zo Stanmere suka ce su ma'aurata ne, ba wanda ya bincika. Ya tambaye ta labarin ƙofar coci da kowa ya san tana bayarwa. Ta ce, "Ranka ya daɗe, mace mai kunya ai sai ta ƙera wa kanta biki." Har ta ƙara da abubuwan da ban taɓa ji ba: rumbun da suka kwana a hanya, da matar da ta kore su da tsintsiya.

Ya yanke mata horon zaman dadiro: Lahadi ta zaga coci ba takalmi, da rigar ciki, da kyandir a hannu.

Abin da ke damuna, Allah ya yafe mini, ta faɗe shi da kyau fiye da kima. Rumbun nan da tsintsiyar nan daga ina suka fito? Duk rayuwata wanne ne labarin, wanne ne gaskiyar?

Lahadi, tsakar rana

Sanyi ya sauko, ciyawa ta yi fari. Ba zan rubuta yadda ta kasance ba.

Wannan kaɗai zan rubuta: Fada Lambert bai ɗaga ido daga littafinsa ba. Matan da ke matsa mata wuri sun tsaya a jere suna kallo. Matar Giles ta ce, yadda kowa zai ji, "Ashe duk wa'azin da take mana, ita ce babba." Kyandir ya mutu a hannunta, ta ci gaba da tafiya da shi a haka.

Avice ce ta wanke mata ƙafafu da ruwan ɗumi. Ni na tsaya a waje ina faskare itacen da ba ma bukata.

Laraba, da yamma

Shari'a. Baffa Wat ya zo da rigarsa ta Lahadi kamar yadda ya yi alkawari. Aka kawo Piers. Suka ce su bayi ne, Osbert jininsu ne. Sai Fada ya miƙa hukuncin bishop. Drew ya karanta, ya sake karantawa, wuyansa ya yi ja.

Aka ce Hamon masaƙi ba ɗan kowa ba ne, don haka ba na kowa ba ne. Aka ce ya tafi abinsa.

A bakin ƙofa Baffa Wat ya tofar da yawu kusa da ƙafata. "Ni bawa ne, amma na san ubana, uwata kuma ba ta zaga coci tsirara ba. Je ka ci 'yancinka." Piers an tasa shi zuwa Fenstow, zai yi wa ubangida noma da tsufansa. Ya waiwayo ya ɗaga mini hannu.

Na yi nasara. Na rubuta ne don in ga yadda take a rubuce.

Asabar

Inna tana tari tun ranar Lahadin nan. Ta daina ba da labari, kowane iri.

Litinin, da hantsi

Avice ta sauka da asuba. Namiji, lafiyayye, da murya kamar ta ɗan akuya. Na yi kuka, ban ji kunya ba. Aka kai wa Inna shi a shimfiɗarta, ta buɗe tsumman ta dudduba shi tun daga kai har ƙafa kamar mai sayen ɗan rago. Ta ce, "Kunnuwan Osbert. Allah ya sa kada Drew ya lura." Ta yi dariya, tarin ya karɓe.

Alhamis, da yamma

An yi masa baftisma, aka sa masa suna Elias. Inna ba ta iya tashi ba. Tana zufa, ƙirjinta na kuka. Ungozoma ta dube ta ta ja ni gefe ta ce in kira Fada tun da sauran magana a bakinta.

Na gaya wa Inna zan kira shi. Ta ce in bari tukuna.

Juma'a, tsakar rana

Ta ce in bari tukuna.

Asabar, da la'asar

Avice ce ta aika, ba ni ba. Ta ce ba za ta bari tsohuwa ta tafi ba a wanke ta daga zunubi ba. Muka ji ƙaramar ƙararrawar Fada daga kan hanya, wadda ake kaɗawa in an ɗauko gurasa mai tsarki zuwa wurin mai mutuwa.

Inna ta buɗe ido. Ta ce, "Waye ya kira shi?"

Na ce, "Inna, ki faɗa masa zunubanki, ya sa miki albarka, ki huta. Abin da aka faɗa masa ba ya fita."

"Kai dai ba ka da wayo tun kana yaro, shi ya sa ka je daji neman kaka." Ta ja numfashi. "In na faɗa masa, zai ce sai na warware rantsuwar kafin ya yafe mini. Haka dokarsu take, na tambaya tun kafin in hau jakin nan. In na ɓoye kuma na karɓi gurasar, na ƙara wani a kan wani."

Na durƙusa. Na ce, "To auren..."

"Ana ruwa," ta ce. "Limamin yana tari. Kai ma har ka yi shakka? Tir." Ta kama hannun rigata. "An ɗaura, Hamon. Ubanka ya sani, Allah ya sani, shi ne ma abin tsoron."

Na ce mata wuta ce, Inna, Fada ya ce wuta ce. Na ce a warware, in koma bawa, ba komai. Na faɗa da bakina, Allah shaida ne. Ta juya kai wajen da Elias ke kwance a jikin uwarsa, ta ce ba ni kaɗai zan koma ba.

Ƙararrawar ta iso bakin shinge.

Inna ta ce, "Tashi ka rufe ƙofa. Kada ka bar shi ya shigo sai na gama. Ina jin tsoro, in na ga fuskarsa zan faɗa."

Avice tana kuka tana cewa in buɗe. Fada ya ƙwanƙwasa, ya kira sunana, ya kira nata. Ya ce, "Emmot, don Allah!" Ya tura, na sa kafaɗa. Tsoho ne, ba shi da ƙarfi, amma bai daina turawa ba, ƙararrawar na kaɗawa a hannunsa duk lokacin da ya tura. Ina jin numfashin Inna a bayana yana ja yana tsayawa, yana ja yana tsayawa.

Na riƙe ƙofar har Avice ta ce mini in saki, an gama, Inna ta cika.